Malam Abdullahi na Gwandu: Mutumin da Aka Rufe wa Ƙofa

Kowace shekara idan lokacin sallamar 'yan aji shida ya gabato, magana ɗaya ce ke yawo a ɗakunan kwana da gindin itatuwan makaranta: wa zai ci jarrabawa, wa zai sami jami'a, wa za a ji sunansa nan da shekara ashirin. In ka tambayi ɗalibi abin da yake nufi da nasara, sai ya ambaci babban muƙami, ko mota, ko gidan bene a Birnin Kebbi ko Abuja. Ba laifi ba ne mutum ya so waɗannan. Amma ina so mu dubi rayuwar wani mutum wanda kabarinsa ke nan kusa da mu a garin Gwandu, gama shi ma ya yi fama da wannan tambaya, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar Gwandu, daga Kalgo har Jega, Musulmi ne ko Kirista, sunan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ba baƙo ba ne a kunnensa. Sai dai yawancinmu sunan kaɗai muka sani.

An haife shi wajen shekarar 1766 a ƙasar Gobir, cikin Fulani Toronkawa, a gidan malamai. Sunan mahaifinsa Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa. Wansa Usmanu, wanda duniya ta sani da Shehu, ya girme shi da shekara 12. A hannun mahaifinsa ya yi karatun Alƙur'ani, sa'ad da ya kai shekara 13 kuma aka danƙa shi ga wansa. Tun daga nan ya zama kamar inuwar Shehu. Inda Shehu ya tafi wa'azi, ko Zamfara ko Kabi, Abdullahi na biye da shi, yana karatu a hanya. Ya kuma zauna gaban malamai da dama, har da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Da ya manyanta bai manta da su ba: ya rubuta ɗan littafi musamman domin ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da kowannensu ya koya masa. Ko mu nawa ne a yau za mu iya kawo sunayen malamanmu na firamare ba tare da mun tsallake wani ba?

Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya ga wani abu da idonsa. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar babbar salla, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi. Maimakonta ya roƙi a bar shi ya yi wa'azi, a saki 'yan kurkuku, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Abdullahi yana wurin. A ganina daga wannan rana ce ya sami mudun da ya riƙa auna kansa da sauran mutane har ƙarshen ransa.

Zaman lafiya tsakanin jama'ar Shehu da sarakunan Gobir bai daɗe ba. A watan Fabrairu na 1804, zamanin Sarki Yunfa, Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. A can jama'a suka naɗa shi shugaba, Abdullahi ne kuma ya fara yi masa mubaya'a. Malamin da ya saba da alƙalami da tawada sai ga shi riƙe da tuta. Shi ya jagoranci rundunar da ta kori mayaƙan Yunfa a Tafkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara. A 1805 ya ci Birnin Kebbi. Kafin shekarar ta ƙare aka yi musu mummunar ɓarna a Alwasa, suka koma Gwandu da ƙyar, a nan ne kuma suka tsaya suka kare kansu har maƙiya suka janye. Kada mu manta yaƙi yaƙi ne. An ƙone garuruwa, an kashe mutane, an kama bayi, kuma waɗanda kakanninsu Kabawa ne suna da nasu labarin na waɗannan shekaru, wanda ya sha bamban da na Gwandu.

Zuwa 1807 nasara ta fara bayyana. Garuruwa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ganima tana shigowa. Abdullahi shi ne Wazirin Shehu, wato ba wanda ke gabansa sai Shehu kansa, shekarunsa kuma ba su wuce 41 ba. In da ma'aunin ɗakin kwananmu za a bi, ai ya gama samun duniya. Amma a daidai wannan lokaci ne zuciyarsa ta ɓaci. Ya duba ya ga yawancin abokan karatunsa na gaskiya sun mutu a fagen fama, waɗanda suka cika sansani yanzu kuwa hankalinsu yana kan sarauta da tara dukiya da karɓar toshiya, wato ainihin abubuwan da aka tashi yaƙa. Ana cikin tafiya za a kai wa Alƙalawa hari, sai ya sulale daga cikin rundunar tare da mutane kaɗan, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka.

Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Babban kwamanda ne, ƙanen shugaba, ya bar kome ya kama hanya kamar almajiri. Wasu za su ce gudu ya yi, ya bar wansa a lokacin da ake bukatarsa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Ni dai abin da na gani shi ne mutumin da ya tsorata da irin nasarar da ke tunkaro shi, ya ji in ya zauna zai wayi gari ya zama irin sarakunan da ya kora.

Bai kai Makka ba. Da ya isa Kano, wadda ba ta daɗe da shiga hannun jama'ar Shehu ba, sai ya tarar da irin abin da ya gudo wa. Mutanen garin suka riƙe shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki da shari'a. Ya zauna ya karantar da tafsiri, ya kuma rubuta musu littafin da ya sa wa suna Diya'ul Hukkami, wato hasken mahukunta. A cikinsa ya bayyana abin da ya wajaba a kan shugaba da alƙali da mai tara haraji, ya kuma yi gargaɗi kada a mai da shugabancin jama'a abin gado. Bayan haka ya juyo gida. Ya gane cewa duk inda ya je halin ɗan Adam yana gaba yana jiransa, gara ya koma inda ake jin maganarsa. A 1808 Alƙalawa ta faɗi a hannun rundunar da Muhammadu Bello ɗan Shehu ya jagoranta. A 1812 Shehu ya raba aikin mulki gida biyu, ya ba Bello gabas, ya ba Abdullahi yamma.

Abdullahi ba mutum ne mai sauƙin sha'ani ba. Yana da tsanani, in ya ga abin da bai gamshe shi ba sai ya ɗauki alƙalami, ko da wansa ne ya faɗa. Sun saɓa da Shehu a rubuce a kan abubuwa kamar kaɗe-kaɗe da tufafin alfarma na masu mulki, Shehu yana sassautawa, shi yana tsanantawa. Duk da haka saɓanin bai raba su ba. A waɗannan shekaru ne kuma ya tattara waƙoƙinsa na Larabci tare da tarihin abubuwan da suka faru, cikin littafin Tazyinul Waraƙati, wanda masu tarihi ke dogara da shi har yau.

Jarrabawa mafi wuya ta zo masa a watan Afrilu na 1817, sa'ad da Shehu ya rasu a Sakkwato. Abdullahi yana Boɗinga. Da labari ya iske shi ya hau doki ya taho. Shi ne ƙanen Shehu, shi ne Waziri, shi ya fara mubaya'a a Gudu, ba kuwa wanda ke jayayya a kan iliminsa. Mutane da yawa sun ɗauka shi zai gaje shi, da alama shi ma haka ya zata. Ya iso bakin gari ya tarar an rufe ƙofa, manyan Sakkwato sun riga sun yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Bello ɗan wansa ne, ya girme shi da shekara 15, ya kuma taɓa zama a gabansa yana ɗaukar karatu.

Wanda aka taɓa hana shi shugabancin ɗalibai aka ba na bayansa, ko malamin da aka tsallake wurin ƙarin girma, zai ɗan ɗanɗana abin da dattijon nan ya ji a bakin ƙofar. Yana da mayaƙa, yana da rabin ƙasa a hannunsa, da ya ga dama da an zubar da jini. Bai ja daga ba. Ya juya kan dokinsa, daga baya ya tare a Gwandu. Amma kada mu mai da shi mala'ika: ya yi fushi, fushin kuma ya daɗe. Shekaru suka wuce bai yi wa Bello mubaya'a ba, zumunci ya yi sanyi, masu neman tawaye kuwa suka sami ƙofa.

Abin da ya warware rikicin ya fito ne daga inda ba a zata ba. Bayan Bello ya murƙushe tawayen Malam Abdussalami, sauran mabiyansa suka tattaru a Kalambaina, kusa da Gwandu, suka gagari Abdullahi. Wajen 1820 abin ya tsananta. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Bello ya taso da runduna daga Sakkwato domin ya taimaki baffansa, suka haɗu suka ci garin. Masu tarihi sun ruwaito cewa bayan yaƙin, da suka yi ido huɗu, Bello ya yunƙura zai sauka daga doki ya gai da baffansa kamar yadda ya saba tun yana yaro. Abdullahi ya yi masa alama ya zauna, sa'an nan shi da kansa ya rusuna ya gaishe shi gaisuwar Sarkin Musulmi, a gaban rundunonin biyu. Ya kuma sallama wa Giɗaɗo, mijin Nana Asma'u, waziranci. A lokacin ya haura shekara hamsin. A duk yaƙe-yaƙen da ya yi, ban ga wanda ya kai wannan rusunawa wuya ba.

Daga nan ya riƙa janye jiki daga harkar mulki. Ya bar yawancin aikin a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Muhammadu Buhari, shi kuwa ya koma ga abin da ya fi so tun yana yaro, wato karantarwa da rubutu. Ya riga ya gama babban tafsirinsa, Diya'ut Ta'awili. Da ya ga ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi, sai ya sake zama ya rubuta wani gajere mai sauƙi dominsu, Kifayatu Du'afa'is Sudan. Malaman da ke cikinmu sun san wannan aiki: mai ilimi ya sauko da maganarsa daidai kunnen na baya a aji, ba ƙaramin abu ba ne. Ya yi rubutu a kan nahawun Larabci da shari'a da tarbiyya, littattafansa suna da yawa ƙwarai. An buga babban tafsirin a Alƙahira, ana kuma karanta shi a masallatai da zaurukan malamai a watan azumi, a Nijeriya da Nijar.

Ya rasu a 1829, yana da shekara 63 ko kusa da haka, aka binne shi a Gwandu. Bai taɓa zama Sarkin Musulmi ba, bai kuma sami zuwa Makkan da ya yi niyya ba. Abin mamaki, sarautar da ya yi gargaɗi kada ta zama gado ta zauna a gidansa: ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa Halilu, zuriyarsa ce kuma ta ci gaba da riƙe Gwandu. A zamanin 'ya'yansa ikon Gwandu ya kai Nupe da Ilori a kudu, ya kuma haye Kwara zuwa yamma. Turawa sun zo a 1903 sun yanke wannan ƙasa, wani sashe ya faɗa hannun Faransa, fadar sarki ma ta koma Birnin Kebbi, inda take ɗauke da sunansa.

A 1853, shekara 24 bayan rasuwarsa, wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth ya sauka a Gwandu kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. Sarki Halilu, wanda ya gaji halin mahaifinsa na gudun duniya, bai yarda ya gana da shi ba. Barth ya yaba albasar garin, amma abin da ya fi riƙe shi shi ne littattafai. A Gwandu aka ara masa kwafin Tarihus Sudan, tarihin daular Songhai da ta Mali, wanda Turai ba ta san abin da ke cikinsa ba a lokacin. Ya yi kwanaki a masauƙinsa yana kwafe abin da ya iya, kafin ya mayar wa mai shi ya ci gaba da tafiya.