Mu Tuna Da Dokta Barau Dikko

Edita, ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in tuna wa jama'a marigayi Dokta Barau Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likita. An haife shi a Wusasa, Zariya, a 1912, ya yi karatun likita a Birmingham ta Ingila. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma zamanin Gowon ya riƙe kwamishinan ma'adinai. Ya rasu a 1977. Babban asibitin Kaduna na ɗauke da sunansa.

Jama'a, hawan jini da ciwon zuciya na cinye mu a ƙauyuka. In muka ƙi sa yara makaranta, wa zai duba mu?

Naku,
Mai karatu, Dutsin-Ma.