Byang Kato na Kwoi, 1936–1975

Kowace shekara 'ya'yanmu na Zongo suna shiga manyan makarantun Kwatano, waɗansu har jami'ar Abomey-Calavi. A can akan zaɓi waɗansunsu su shugabanci ƙungiyar ɗalibai masu karanta Littafi Mai Tsarki: wani ya zama shugaba, wani magatakarda, wata ma'aji, wani kuwa mai bi da addu'a. Domin su, da iyayensu kuma, muka sa labarin Byang Kato cikin wannan littafin jubili, gama shi mutum ne wanda ya fara ɗaukar kayan Ekklesiya tun yana ɗan makaranta, bai kuwa sauke ba sai ranar mutuwarsa.

An haife shi ran 23 ga Yuni 1936 a Kwoi, ƙasar Jaba, a kudancin lardin Zariya na zamanin nan. Mutanen wurin suna kiran kansu Ham, amma Hausa ce harshen kasuwa da na sujada, shi ma da ita ya tashi tare da harshen gidansu. Ubansa mai bin addinin gargajiya ne, ya kuwa keɓe yaron tun yana jariri domin ya gaji aikin tsafi na gidan. Turawan Mishan na SIM suna da makaranta a Kwoi. A nan ne, yana da shekara 12, ya ji wata malama tana ba da labarin Nuhu da jirginsa, ya gane shi ma yana bukatar mafaka, ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu.

Abin bai yi wa ubansa daɗi ba ko kaɗan. Yaron ya sha dūka, aka hana shi kuɗin makaranta. Sai ya riƙa yin 'yan ayyuka a gidan Mishan, da abin da ya samu yake biyan karatunsa. Da yawa cikin masu karanta wannan takarda sun san irin wannan zafi, ba sai an bayyana musu ba. Abin lura shi ne, bai gudu daga gida ya yanke zumunci ba, bai kuwa bar makaranta ba. Daga baya iyayen nan nasa su ma suka zama masu bi.

Makarantarsa ta fari ta shugabanci ita ce Boys' Brigade, watau rundunar samarin Ekklesiya, wadda William Alexander Smith ya kafa a Glasgow a 1883. Wanda bai taɓa shiga ba yakan ce wasan soja ne kawai, da hula da ɗamara da ganga. Ba haka ba ne. A cikinta yaro yakan koyi zuwa kan lokaci, da haddace aya, da yin biyayya ga wanda ya girme shi da 'yan watanni kaɗai, sa'an nan in an ba shi igiya ya koyi lura da yara biyar ko goma, ya san wanda bai zo ba, ya bi shi har gida ya ji dalili. Byang ya yi ƙwazo a wannan, ya kuma koyar a makarantar Lahadi. A 1953 aka yi babbar farkawa a Ekklesiyar Kwoi, a nan ne ya miƙa kansa ɗungum ga aikin Ubangiji.

A 1955 ya tafi makarantar Littafi Mai Tsarki ta Igbaja, kusa da Ilori, cikin ƙasar Yarabawa, inda ake koyarwa da Turanci. Ya gama a 1957, shekarar da ya yi aure. Shekarar nan ce kuma aka kafa Fellowship of Christian Students a Gindiri, ƙungiyar da ta bazu cikin makarantun Arewacin Nijeriya, tana sa ɗalibai su bi da taronsu da kansu, malami yana gefe yana ba da shawara kawai. NIFES ta ɗaliban jami'o'i ta biyo baya a 1968. Zamaninsa ke nan: lokacin da Ekklesiya ta fara gane cewa makaranta ma gona ce, masu nomanta kuwa su ɗaliban ne.

Nan ne labarin ya fi shafarmu. Byang ya fita daga Igbaja da takardar shaidar da ta ishe shi zama malami da mai wa'azi har tsufansa. Yana koyarwa a makarantun Littafi Mai Tsarki, ya yi aiki kuma da mujallar African Challenge a Ikko, yana amsa wasiƙun masu karatu da suke neman shawara. Ga mata, ga 'ya'ya, ga albashi ƙanƙane. Amma bai yi makarantar sakandare ba, saboda haka ƙofar jami'a a rufe take gare shi. Sai ya ɗauki karatu ta hanyar gidan waya: a aiko masa da darasi, ya yi shi bayan ya tashi daga aiki, ya mayar a duba. Da haka ya ci jarrabawar GCE, ƙarama da babba, har aka karɓe shi a London Bible College a 1963. A 1966 ya sami digirin tauhidi na Jami'ar Landan.

Akwai wata cuta da take kama shugabannin ɗalibai. Yaro mai himma, an zaɓe shi shugaba, sai ya cika makonsa da taro: yau addu'ar dare, gobe koyon waƙa, jibi fita wa'azi. Jarrabawa ta zo ya fāɗi, ya ce ai aikin Allah ne ya hana shi karatu. Ubansa a Zongo, wanda ya sha ranar kasuwar Dantokpa ya biya kuɗin rajista, me zai ce game da Bisharar da ta mai da ɗansa haka? Byang bai raba biyun nan ba. A wurinsa littafin jarrabawa yana cikin alkawarin da ya ɗauka a 1953, gama ya hango ranar da Ekklesiyar Afirka za ta bukaci mutanen da za su zauna da manyan malaman jami'a su amsa musu da iliminsu.

Ranar ba ta daɗe ba. A 1967, yana da shekara 31, aka naɗa shi babban magatakardan ECWA, Ekklesiyar da ta fito daga aikin SIM a 1954, mai ofis a Jos. Shekarar ce yaƙin basasa ya ɓarke a Nijeriya. ECWA tana da mutane a Arewa da Yamma da Gabas, 'ya'yanta suna wannan gefe da wancan, shi ne kuwa ya riƙe ofishin har yaƙin ya ƙare a 1970. Sa'an nan ya sāke komawa aji, wannan karo a Dallas Theological Seminary ta Amurka, inda ya sami digiri na biyu a 1971, da na dakta a 1974.

Tun bai karɓi na ƙarshen ba, a 1973, Ƙungiyar Masu Bishara ta Afirka da Madagaskar, wadda aka kafa a Limuru ta ƙasar Kenya a 1966, ta zaɓe shi babban magatakarda. Shi ne ɗan Afirka na fari da ya riƙe wannan matsayi. Ya koma Nairobi da zama. A Yuli 1974 ya yi jawabi a babban taron Lausanne wanda Billy Graham ya kira, inda mutane daga ƙasashe wajen 150 suka hallara. A 1975 littafinsa Theological Pitfalls in Africa ya fito.

Abin da ya dame shi cikin littafin nan shi ne koyarwar da take cewa kowace hanya tana kaiwa ga ceto, da kuma gauraya Bishara da addinin kakanni. Ya yi jayayya da sanannun malamai irin su John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Ibadan. Shi da aka keɓe domin tsafi tun yana goye, ba a littafi ya san abin ba. Ya so a yi sujada da harsunanmu da kiɗanmu da tufafinmu, amma Littafi Mai Tsarki ya zama alƙalin kowace al'ada. Waɗansu masana, har da Kwame Bediako na Gana, sun ga ya tsananta, bai ba al'adun Afirka cikakken hakkinsu ba. A ganina akwai wuraren da harshensa ya yi kaifi fiye da yadda ya kamata. Amma littafin fari ne na mutum mai shekara 39.

Ya fi sa zuciyarsa ga ɗalibai. Ya ga makarantun Littafi Mai Tsarki da yawa ne, amma masu zurfi kaɗan ne, duk mai son ci gaba sai ya ƙetare teku kamar yadda shi ya yi, waɗansu kuwa ba su komowa. Saboda haka ya roƙi Ekklesiyoyi su kafa manyan makarantun tauhidi biyu, ɗaya domin masu Turanci, ɗaya domin masu Faransanci, da hukumar da za ta riƙa auna makarantu domin takardar shaidarsu ta yi daraja. Mu da muke ƙasar Faransanci ya kamata mu riƙe wannan: mutumin Kwoi, wanda duk karatunsa da Hausa da Turanci ya yi, bai manta da mu ba.

A ƙarshen Nuwamba 1975 Majalisar Ekklesiyoyin Duniya ta yi babban taronta a Nairobi, ya halarta a matsayin mai sa ido. Ana cikin taron ne, ran 30 ga wata, aka sāke wa ƙasarmu suna daga Dahomey zuwa Benin. Da aka watse, ya tafi hutu da iyalinsa bakin teku kusa da Mombasa. Ran 19 ga Disamba 1975 ruwa ya ci shi a can. Aka kai gawarsa gida Kwoi aka binne.

Hukumar auna makarantun, ACTEA, ta kafu a 1976. Makarantar masu Faransanci, FATEB, ta buɗe a Bangi ta Afirka ta Tsakiya a 1977, ta masu Turanci kuwa a Nairobi a 1983, wadda yanzu take cikin Africa International University. A Jos kuma, ɗakin karatu na makarantar tauhidin ECWA yana ɗauke da sunansa.