Astor Piazzolla: Makaɗin Da Ya Ɗaukaka Kiɗan Da Aka Raina

Duk wanda ya tashi a karkarar Kano, kamar su Dawanau da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ya san matsayin da jama'a suka ajiye mai goge. Ana sha'awar kiɗansa da dare, amma in gari ya waye ba kowa ke so a gan shi tare da shi ba. To, haka kiɗan tango ya kasance a ƙasar Ajantina, domin an haife shi ne a unguwannin talakawa da gidajen rawa na bakin tashar jiragen ruwa ta Buenos Aires. Tarihinmu na yau na mutumin da ya kai wannan kiɗa zauren manya ne.

An haifi Astor Piazzolla ran 11 ga watan Maris, 1921, a garin Mar del Plata, kuma iyayensa 'yan asalin Italiya ne. Yana ɗan shekara huɗu suka ƙaura zuwa New York ta Amurka. A can ne cikin 1929 mahaifinsa ya saya masa bandoniyon, watau wani akwatin kiɗa da ake ja ana matsawa kamar zugazugin maƙeri, wanda shi ne ginshiƙin tango. Yana yaro ya sadu da Carlos Gardel, sarkin mawaƙan tango, har Gardel ya nemi tafiya da shi yawon wasa, mahaifinsa ya hana. A cikin wannan tafiya ce Gardel ya mutu a haɗarin jirgin sama a Kolombiya cikin 1935.

Bayan sun koma gida, sai ya shiga ƙungiyar Aníbal Troilo cikin 1939. Da dare yana kiɗa a gidajen rawa, da rana kuwa yana ɗaukar karatun tsara kiɗa irin na Turai a wurin Alberto Ginastera. Sannu a hankali sai ya fara jin kunyar sana'ar da ke ciyar da shi, har ya jingine bandoniyon. Cikin 1954 ya sami taimakon karatu zuwa Paris, wurin shahararriyar malama Nadia Boulanger. Da fari ya ɓoye mata asalinsa, ya nuna mata abubuwan da ya tsara bisa kwaikwayon Turawa, ta yaba gwanintar, amma ba ta ga mai ita a ciki ba. Sai da ta matsa masa ya kaɗa mata wani tango nasa, nan take ta hore shi da kada ya sake barin wannan hanya.

Da ya dawo cikin 1955 ya kafa ƙungiyar makaɗa takwas, ya shigo da sabon salo na saurare maimakon na rawa. Cikin kayan kiɗansu har da celo, wani babban gogen Turawa mai tsirkiya huɗu da ake tsayarwa tsakanin gwiwoyi, mai murya kamar ta dattijo. Masu riƙon al'ada suka yi masa caa, suna zarginsa da kashe tango, shi kuwa bai fasa ba. Rasuwar mahaifinsa cikin 1959 ita ta sa ya tsara Adiós Nonino, sa'an nan cikin 1974 ya fitar da Libertango a Italiya.

Cikin 1982 ya tsara Le Grand Tango musamman domin celo, ya aika wa gwanin nan ɗan Rasha, Mstislav Rostropovich, wanda bai kaɗa shi a bainar jama'a ba sai 1990. A wannan shekara ce ciwon shanyewar jiki ya kama Piazzolla a Paris, aka mai da shi gida, ya mutu ran 4 ga watan Yuli, 1992.

Aikinsa bai bi shi kabari ba. Abokinsa José Bragato ya sake tsara kiɗe-kiɗensa da dama domin celo, Yo-Yo Ma ya cika faifai da su cikin 1997, haka kuma makaɗan celo goma sha biyu na babbar ƙungiyar Berlin ta Jamus sun kaɗa su ba tare da bandoniyon ba. Cikin 2009 hukumar UNESCO ta sa tango cikin kayan gadon 'yan Adam.

Abin lura ga ɗalibai da ma'aikatanmu shi ne, Piazzolla bai ƙi ilmin baƙi ba, ya neme shi har ya ƙoshi, amma bai sami suna ba sai da ya juyo da shi kan abin gida. Goge da kukuma da gurmi na nan suna jiran irin wannan hidima. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.