Charles Rick: Baturen Da Ya Bi Dangin Tumatir Har Cikin Kashin Kunkuru

Duk wanda ya taɓa raka babansa ko yayansa sayen irin tumatir na gwangwani, wataƙila ya ga an rubuta UC82B a jiki. Ni dai na daɗe ina ɗauka lambar kamfani ce. Sai da na zauna haɗa furojet ɗina na gane UC ɗin nan Jami'ar Kalifoniya ce ta Amurka, reshenta na garin Davis. A wannan reshe wani mutum mai suna Charles Rick ya yi shekara wajen 60 yana aiki a kan tumatir. Ba shi ya fitar da UC82 ba, abokan aikinsa ne, amma da wuya mai gyaran irin tumatir ya ce bai taɓa cin moriyar aikin Rick ba.

An haife shi a 1915 a garin Reading na jihar Fensilbaniya. Ya karanci noman lambu, ya yi digirin digirgir a Harvard a 1940, a shekarar kuma ya kama aiki a Davis. Da fari ma ba tumatir ne a gabansa ba. Wani abokin aiki ne ya ba shi shawarar ya duba shukokin nan da kan yi ganye shar a gona amma ko ɗa ɗaya ba sa yi. Rick ya raina shawarar, daga baya ya koma kanta. Ya gano yawancinsu matsalar a ƙwayoyin gado take, wasu garin furensu ne bakarare. Daga nan ya shiga gano mazaunin kowace siffa, irin su launi da tsayi da jure cuta, a kan kuromosom 12 da tumatir ke da su.

Asalin tumatir Kudancin Amurka ne. Wanda muke shukawa kuwa gadonsa ya ƙuntata, kamar gidan da aka yi ta auren zumunci, cuta ɗaya sai ta kwantar da kowa. Danginsa na daji suna can a Peru da Ekwado da Chile, 'ya'yansu ƙanana, yawanci kore, ba mai sa su a miya. Daga 1948 Rick ya yi tafiya fiye da goma zuwa can, yana hawa duwatsun Andes yana tsinko su. Akwai wanda ake kira Solanum pennellii, yana rayuwa a busassun duwatsun Peru inda ruwan sama ke wuya, ganyensa da gashi mai danƙo da ke hana ƙwari sakat. Wanda ya san yashin Gagarawa da Sule Tankarkar da yadda damina ke guje mana, ya san abin da ya sa na tsaya a kan wannan.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na tsibiran Galapagos. Ya kawo irin tumatirin can, ya shuka, ya ƙi tsirowa sai ɗai-ɗai. Ya yi zargin akwai dabbar da ke cin 'ya'yan, cikinta ya lausasa ɓawon. Shi da wani masanin dabbobi, Robert Bowman, suka ciyar da manyan kunkurun tsibiran, suka jira wajen mako biyu ko fiye kafin irin ya fito a kashi. Suka tsince, suka shuka, sai ga tsiro. Sun buga sakamakon a 1961. Ka yi tunanin farfesa guda tsugune yana tonon kashin kunkuru, mu kuma ana ce mana mu je firaktikal a gona muna ƙorafin rana! Ya kuma gano ruwan bilic na wanki da aka sirka yana yin aikin cikin ɗan lokaci, aka huta da kunkuru.

Daga tumatirin Galapagos ɗin aka samo wata siffa: in an tsinke ɗan, hancinsa na zama a jikin uwar. Abin kamar ba komai, amma duk wanda ya ga yadda hancin wani ke huda wani a kwando kafin mota ta kai Legas ya san asarar da ke ciki.

Rick ya rasu ranar 5 ga Mayu, 2002, yana da shekara 87, yawancinmu ba a ma haife mu ba. Bai ga 2016 ba, shekarar da tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Jigawa da Kaduna, har masu miya a Gumel da Maigatari suka koma kauɗa da na leda. Ita ma tsutsar daga Kudancin Amurka ta fito, kuma dangin dajin nan masu gashi, da suka daɗe suna zama da ita, suna cikin inda masu bincike ke neman kariya a yau.

Irin da ya tara yana nan a wata cibiya a Davis da aka sa wa sunansa, ana aika wa masu bincike a ƙasashe daban-daban. Wasu wuraren da ya tsinko su tuni gonaki da gine-gine suka cinye, a ma'ajiyar kaɗai suka rage.