George Stokes da Ƙyallin Ruwan Kwinin

'Yan uwa ɗalibai, aikin kammala difloma ne ya haɗa ni da George Stokes. Ina binciken yadda za a gwada ruwan rijiyoyinmu na Zango, sai duk littafin da na buɗe in ci karo da sunansa.

An haife shi a 1819 a ƙauyen Skreen, ƙasar Ailan, ɗan wani limamin coci. Mahaifinsa ya rasu yana saurayi. A Jami'ar Kambirij ya zo na ɗaya a lissafi a 1841, ya zama farfesa a 1849. Albashin bai taka kara ya karya ba, har sai da ya haɗa da koyarwa a Landan.

A 1852 ya bayyana abin da ya gani: ruwan kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, yana shan hasken da ido ba ya gani, ya fitar da shuɗin ƙyalli. A 1867 Goppelsröder, masani ɗan Suwizalan, ya gano sinadarin da ke ƙyalli idan ya haɗu da alminiyam. Yau ana haɗa sinadarai masu tona asirin dalma a ruwa ta wannan hanya.

Stokes ya rasu a 1903. Ni kuwa da na tuna yaran Zamfara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010, wallahi sai na daina ganin aikina a matsayin neman maki.