Joseph Pilates: Ɗan damben da ya koya wa duniya cewa ƙarfin namiji daga ƙugu yake farawa

Idan kana yawo a TikTok ko Instagram, da wuya ba ka taɓa cin karo da kalmar Pilates ba. Wataƙila ka ga mata kwance a kan shimfiɗa suna ɗaga ƙafa a hankali, ka ce wannan ai ba harkar maza ba ce, ka wuce. To ɗan'uwa, dakata. Pilates sunan mutum ne, namiji, ɗan dambe, kuma maza ya fara koya wa wannan atisaye.

An haifi Joseph Hubertus Pilates ranar 9 ga Disamba, 1883, a garin Mönchengladbach na ƙasar Jamus. Mahaifinsa ma'aikacin ƙarfe ne da ya ƙware a wasannin motsa jiki. Ana ba da labarin cewa Joseph ya taso da laulayi, yana fama da asma da laushin ƙashi. Maimakon ya sallama, sai ya duƙufa wajen gina jikinsa, ya koyi dambe da wasannin lanƙwasa jiki.

Daga baya ya koma Ingila neman abinci, yana dambe yana kuma wasa a dandalin nishaɗi. Ana cikin haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, Birtaniya ta kama Jamusawan da ke ƙasarta ta tsare su, har da shi. Ya ƙare a sansanin Knockaloe da ke tsibirin Man, inda aka tara maza fiye da 20,000.  A nan ya riƙa tara 'yan'uwansa fursunoni yana koya musu atisaye a ƙasa, da nauyin jikinsu kawai.

Bayan yaƙi ya koma Jamus, sannan a 1926 ya hau jirgin ruwa zuwa Amurka. A cikin jirgin ya haɗu da Clara, wadda ta zama abokiyar rayuwarsa da aikinsa. Suka buɗe wurin horo a birnin New York. Ya sa wa tsarinsa suna Contrology, wato sanin yadda hankali zai sarrafa tsoka. Ya ƙera na'urar Reformer, mai kama da gado, wadda ke aiki da sifirin. Ya wallafa Your Health a 1934, da Return to Life Through Contrology a 1945, mai ɗauke da atisaye 34 na kan tabarma. Ƙwararrun masu rawa na New York suka riƙa zuwa wurinsa idan sun ji rauni, kuma daga nan ne aka fara yi wa abin kallon na mata. Ya rasu ranar 9 ga Oktoba, 1967, yana da shekara 83.

To mene ne ruwanka da wannan labari, kai da ke Gumel ko Sule Tankarkar? Ruwanka shi ne bayanka. Tsokokin ciki, na ƙugu da na gadon baya su ne ke riƙe ƙashin baya kamar ɗamara. Idan sun yi rauni, nauyi sai ya koma kan gaɓoɓin baya, ciwo ya biyo. Dubi mai dakon buhu a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko manomin riɗi a Gagarawa da ke wuni a sunkuye, ko ɗan acaɓa, ko ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel da ya duƙa kan waya har tsakar dare. Duk bayansu ne ke biyan kuɗin. Mu kuma samari mun fi damuwa da ƙirji da damtse, saboda su ake gani a hoto. Amma tambayi duk ɗan kokawa, zai gaya maka wanda ƙugunsa bai tsaya ba shi ke shan ƙasa.

Tsarin Pilates babu tsalle, babu dirar da za ta gajiyar da gwiwa. Tabarma ta ishe ka. Gwada wanda ya fi shahara, mai suna Ɗari: kwanta rigingine, ɗaga ƙafafu ka lanƙwasa gwiwa, ɗago kai da kafaɗu kaɗan, miƙe hannuwa a gefe kana kaɗa su sama da ƙasa. Ja numfashi a kaɗawa biyar, sake shi a biyar, har ka kai ɗari. Idan ka kai talatin ka ji cikinka na rawa, kada ka ji kunya, haka kowa ke farawa.

Sai dai fa atisaye ba ya maye gurbin likita. Idan ciwon bayanka na sauka ƙafa, ko kana jin ƙafar na mutuwa, je asibiti tukuna. Idan kuwa lafiyarka ƙalau, shimfiɗa tabarma bayan Asuba, ka kira abokai biyu ku fara da minti goma.