Charlie Chaplin: Ɗan wasan barkwancin da ya sa duniya dariya da bakinsa a rufe

Fiye da shekara 20 Charlie Chaplin ya yi yana sa duniya dariya ba tare da an ji muryarsa a fim ba. Da ya buɗe baki ya taɓo siyasa kuwa, sai zaman Amurka ya gagare shi.

An haife shi a Landan ranar 16 ga Afrilu, 1889. Iyayensa mawaƙa ne a gidajen wasa. Mahaifinsa ya faɗa shaye-shaye ya watsar da iyali, mahaifiyarsa Hannah kuma ta samu taɓin hankali. Yana ɗan shekara bakwai aka kai shi gidan da hukuma ke ajiye matalauta.

Wasan dandamali ne ya tsamo shi daga wannan hali. Ya shiga ƙungiyar barkwanci ta Fred Karno, wadda ta kai shi Amurka a 1910. A can kamfanin Keystone ya ga wasansa, ya fara saka shi a fim a 1914.

A wannan shekarar ya ƙirƙiro kamannin da aka san shi da su: ɗan gashin baki, burgujejen wando, matsattsiyar kwat, manyan takalma da sanda. Yana fitowa a matsayin talaka mai gararamba, ba ci ba wurin kwana, amma yana taku kamar ɗan sarauta. Masu kallo na dariya, alhali yunwar da ya sha a yarinta yake nuna musu.

Da yake finafinan lokacin ba su da magana, babu mai neman tafinta, don haka suka zagaye duniya. A 1916 kamfanin Mutual ya ɗauke shi a kan dala 670,000 a shekara.

A 1919 shi da Mary Pickford da Douglas Fairbanks da D. W. Griffith suka kafa kamfanin United Artists, don kada masu kuɗi su riƙa juya su. Shi ke rubuta labari, ya ba da umarni, ya zama jarumi, daga baya har kiɗa shi ke tsarawa. Haka aka samu The Kid a 1921 da The Gold Rush a 1925, inda yunwa ta sa ya dafa takalminsa ya ci.

Finafinai masu magana sun ɓullo a 1927, amma ya ƙi bin yayi. City Lights na 1931 da Modern Times na 1936 duk bai yi zance a cikinsu ba.

Hitler ne ya sa ya yi magana. A 1940 ya fitar da The Great Dictator, inda ya kwaikwayi shugaban na Jamus ya mayar da shi abin dariya, a lokacin da Amurka ba ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ba. Fim ɗin ya yi kasuwa sosai.

Sai dai bayan ya fito fili yana kiran a tallafa wa Tarayyar Sobiyet a yaƙin, aka fara zarginsa da ra'ayin kwaminisanci, hukumar FBI ta sa masa ido. Rayuwarsa ma ta ba maƙiya ƙofa: ya sha suka kan auren 'yan mata masu ƙarancin shekaru, ga shari'ar wata 'yar fim da ta ce shi ne uban 'yarta.

A 1952, yana cikin jirgin ruwa zuwa Landan don ƙaddamar da fim ɗinsa Limelight, gwamnatin Amurka ta soke takardar izinin komawarsa. Sai ya tare a Suwizalan da iyalinsa.

Bai sake taka Amurka ba sai 1972, da aka ba shi lambar girmamawa ta Oscar, mahalarta suka miƙe suna tafi na minti 12.

Ya mutu ranar 25 ga Disamba, 1977, yana da shekara 88. A watan Maris na 1978 wasu mutum biyu suka tone kabarinsa suka sace gawar don neman kuɗin fansa. Bayan mako 11 aka gano ta a wata gona, aka sake binne shi, aka zuba kankare a kan kabarin.